Wata Shida da Shekara Uku

Litinin, 19 ga Satumba, 1977. Bayan la'asar, Sule Tankarkar.

Sajo ya dawo. Garin nan kaf ba a maganar kowa sai tasa, sai ka ce ba a taɓa zuwa makaranta an dawo ba. Ɗan ƙanin babana ne fa. Ni na koya masa naɗa bandeji a ɗakin shan maganin nan, ni na koya masa dafa allura. Yau wai shi ne likitan gashin ƙashi a Gumel, da farar riga har gwiwa da sabon babur. Ni kuwa ina nan inda ya bar ni, Malam Halliru mai allura, da kekena da kacarsa ke zamewa kullum.

Ya aiko a ce zai zo gai da Iya, mahaifiyata, ranar Juma'a. Ya zo mana, wa ya hana shi?

'Yata Rahmatu ta tashi daga zazzaɓin, alhamdu lillahi, har ta ci tuwo da rana. Ƙafar hagun ce dai take ja.

Talata, 20 ga wata. Da hantsi.

Na tono takardar nan daga ƙasan akwati. Shekara uku ke nan, da hukuma ta ce za ta tura ma'aikata biyu koyon gashin ƙashi, ni aka fara kira in zaɓa don ni ne gaba a aiki. Kwas biyu ne, na ja layi a tsakiyar takarda na jera su. Na birnin Kano wata shida ne, albashi yana tafiya, duk sati biyu ka hau motar Maigatari ka sauka a Gumel ka ƙaraso ka ga iyalinka, ka gama a ƙara maka girma ɗaya. Na Kudu shekara uku ne, ba albashi sai ɗan alawus, littattafai daga aljihunka, gonarka ta zama saura, ka ci garin rogo har cikinka ya manta tuwo. A ƙasa na rubuta da jan biro: duk gashi gashi ne.

Na ɗauki wata shida, Sajo ya ɗauki shekara uku. A gaban mutane na ce wa Sajo duk wanda ya tafi Kudu ba shi da lissafi. Ya yi dariya ya ce, "To Yaya, ni da ba mata ba gona, me zan lissafa?"

Na karanta takardar sau biyu. Har yanzu ban ga inda na yi kuskure ba.

Laraba, 21. Bayan azahar.

Iya ta duba ƙafar jikarta ta ce Inna ce ta sha ta. Matan maƙwabta suka shigo, kowace ta taɓa ta ce shan-inna ne, ba ko shakka. An ɗaura mata laya, gobe za a yi sadakar nono.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Matata Laure tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

Alhamis, 22. Bayan magariba.

Na fara mata gashi da kaina, safe da yamma, kamar yadda aka koya mana. Ruwan zafi, tawul, a matse a danna. Yarinya 'yar shekara huɗu, wallahi ko uffan ba ta ce ba, wasa take da 'yar tsanarta. Jaruma ce kamar ubanta.

Laure ta ce, "Malam, anya ruwan nan bai yi zafi da yawa ba?"

Na ce mata wa ya yi kwas, ni ko ita? In na miƙar da ƙafar nan kafin ya zo, sai in ga abin da zai nuna mana.

Juma'a, 23. Bayan magariba.

Da safe na tarar bayan ƙafar ya yi bororo har wuri biyu. Na sa magani na naɗe.

Sajo ya zo bayan an sauko daga masallaci. Unguwa ta fashe, manya da yara aka kewaye babur ana taɓawa. Ya durƙusa har ƙasa ya gai da Iya, ya gai da ni, Yaya kaza Yaya kaza. Ladabin nan nasa ya fi komai ƙona mini rai, don ba ya barin mutum ya samu abin kamawa.

Rahmatu ta taho karɓar alewa tana jan ƙafa. Na ga idonsa ya bar fuskarta ya koma ƙasa. Ya ɗora ta a cinya ya ce me ya samu ƙafar. Na ce ƙaya ce. Ya warware bandejina a gabana, a gidana, ya ga bororon.

Ya ce wa Laure, "Da ana gashin ta yi kuka?"

Ta ce, "Ko kaɗan."

Sai ya miƙa hannu ya tsinci gashin kaza a tsakar gida. Ya shafa mata a tafin ƙafar dama, ta ƙyalƙyale da dariya ta janye. Ya shafa a na hagu, tana kallonsa kawai tana tsotsar alewa. Ya kifa ta, ya duba mazaunanta, ya daɗe yana dubawa. Ya ce wa Iya, "Allah ya sawwaƙe, Iya. A dakata da ruwan zafin tukuna."

Na raka shi zaure. Ya yi mini wata tambaya a can, murya ƙasa-ƙasa. Ba zan rubuta ta ba. Na ce masa ya kama hanya kada rana ta faɗi masa a daji.

Asabar, 24. Da safe.

Gashin kaza. Shekara uku a Kudu, ya dawo mana da gashin kaza.

Litinin, 26. Bayan la'asar.

Kawu Barau direba ya kawo mini wasiƙar Sajo daga Gumel. Rubutun nan nasa mai kwanciya, ko shi ya canza.

Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙafar da shan-inna ya kama ƙarfi take rasawa, amma tana ji. Ƙafar da ba ta jin ruwan zafi, jijiya aka taɓa. In an fara aiki da wuri akwai sa rai. In an bari, sawun zai ƙage yana kallon ƙasa, kuma shi ke nan. Litinin da Alhamis nake ganin yara. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba."

Ka ji fa! Rufin asiri zai yi mini. Ni Halliru, in riƙa sunkuyar da kai duk inda na gan shi har in mutu. Gara ya hau baburinsa ya yi shela a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, in san abokin faɗa na samu.

Na ɗauko littafina na kwas na bi shi shafi-shafi. Yadda ake matse tawul yana ciki, yadda ake murza kafaɗa yana ciki. Maganar ƙafa mai ji da marar ji, babu ko layi ɗaya.

Laraba, 28. Da azahar.

Wata mata ta taso tun daga Ɗanzomo da ɗanta mai zazzaɓi. Na dafa allura, na zuƙi magani, na kama yaron, sai na kasa soka masa. Na ajiye na ƙirga mata ƙwayoyi.

Ta ce, "Haba malam, don allura muka yi sammako. An ce hannunka ba zafi."

Na ce allura ta ƙare. Tana kallon ta a cikin tasa.

Asabar, 1 ga Oktoba. Bayan la'asar.

A masallaci ma ba a bar ni na huta ba. Wai wani tsoho daga Gagarawa da ɓarin jikinsa ya shanye, Sajo ya sa shi tafiya da sanda. Liman da bakinsa yake cewa gidanmu ya yi arziki. Aka juyo ana yi mini barka, ina washe baki ina cewa madalla. Shekara goma sha ɗaya ina tashi cikin ruwa da rana in bi gidajen mutanen nan, ban taɓa jin an ce gidanmu ya yi arziki ba.

Ina ƙyashinsa. To na rubuta, sai me?

Talata, 4. Da hantsi.

Na yanko kara na ɗaure wa Rahmatu sawun kamar yadda maɗora ke yi. Kafin azahar ya zame. Na sake, ya sake zamewa.

Alhamis, 6. Bayan magariba.

Yau rana ce ta ganin yara a Gumel.

Rahmatu ta faɗi a bakin rijiya. Babban yatsan ya daɗe yana gurzar ƙasa, ya fashe, jini har ya bi sawunta zuwa ɗaki, ita ba ta ma sani ba. Laure ta wanke mata tana share hawaye da gefen zane. Iya ta ce a ƙara sadakar nono, Innar ba ta ƙoshi ba.

Na kama sawun in ɗaga shi sama, na ji ya fara tauri. Bai kai inda yake kaiwa satin da ya wuce ba.

Lahadi, 9. Da hantsi.

Laure ta kawo mini koko ta durƙusa, ba ta tashi ba.

Ta ce, "Malam, gobe Litinin. Ina neman izininka in kai ta Gumel. Kawu Barau ya ce zai ajiye mana gaban mota."

Na ce shan-inna ba ya jin asibiti, ita ma ta sani.

Ta ce, "Iya ce ke cewa Inna. Ka taɓa jin na faɗa?"

Na ture kwanon kokon gefe.

Ta ce, "A cinyata na riƙe maka ita ranar jajiberin Sallah. Na ji yadda ƙafar ta harba. Na san kukan allura, 'ya'ya uku na haifa, wannan ba shi ba ne. Ban ce da gangan ka yi ba, zazzaɓin nan da ya tafi da ita ba don kai ba. Sati uku ina jira ka faɗa da bakinka, don kada in zama ni na kunyata ka. Amma Malam, ƙafar 'yata ba za ta tafi a kan kai da ƙaninka ba."

Ko muryarta ba ta ɗaga ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 9. Bayan azahar.

Ni ne. Bari in rubuta. Ranar ƙarshe ta azumi, ana dab da shan ruwa, jikinta kamar garwashi, tana ta mutsu-mutsu, ni kuma ina sauri. Na soka allurar ƙasa da inda ya kamata. Na sani tun a lokacin. Da Iya ta ce Inna, daɗi na ji har cikin raina, Allah ya yafe mini.

Abin da Sajo ya tambaye ni a zaure shi ne, "Yaya, wa ya yi mata allura?"

Litinin, 10. Bayan la'asar, Gumel.

Mun zo mu uku. Na zauna a benci a cikin layin masu jinya, na ƙi aika wa Sajo cewa ni ne. Ya leƙo ya gan ni, ya taso da kansa, ya shigar da mu, ya ba ni kujerarsa ya tsaya. Ma'aikata suna ta Likita, Likita. Ina jin kowace ɗaya.

Ya ce ba zai yi alkawari ba, jijiya a hankali take farfaɗowa in za ta farfaɗo, wata biyu, wata shida, Allah kaɗai ya sani. Aikinmu kada sawun ya ƙage kafin ta farfaɗo. Ya auna ƙafar da zare, ya zana a takarda, ya ce maƙeri zai lanƙwasa ƙarfe, baduku ya naɗe shi da fata mai laushi. Bai ce me ya sa kuka daɗe ba. Na so ya ce.

Da Laure ta fita da ita, ya buɗe wani ƙaton littafi ya nuna mini jijiyar, tun daga ƙugu har tafin ƙafa. Ya ce a shekararsu ta farko sun gan ta da idonsu a jikin gawa, kaurinta ya kai ɗan yatsa. Na soka allura ta fi dubu nawa a wurin nan, ban taɓa sanin kaurin abin da nake kaucewa ba.

Laure da Rahmatu za su zauna gidan yayarta Fadimatu a nan Gumel. Ni zan koma, ga aiki ga gero bai gama shiga rumbu ba.

Juma'a, 14. Da safe.

Gidan ya yi faɗi. Na ce wa Iya ba Inna ba ce. Ta dube ni ta ce yaran boko ba abin da ba za su faɗa ba. Na ƙyale ta, amma na faɗa.

Alhamis, 20. Bayan magariba.

Na je a keke. An sa mata takalmin ƙarfen, tana ƙwas-ƙwas a baranda tana nuna wa kowa. Baffa ya ce in taka haka. Baffa ya ce in ɗauki tsakuwa da yatsu. Baffa ya ba ni lemo. Baffa, Baffa, Baffa, har na ƙirga goma sha huɗu na daina. Da ta ga jakar aikina a bayan keke sai ta koma bayan uwarta ta riƙe zane.

Mun ci abinci da Sajo a ɗakinsa. Tuwon ya tsakura kaɗan ya ture, wai gyambon ciki ya samo a can. Ban san yadda aka yi ba, na ji bakina yana cewa, "Ka dai ci riba, ka fi mu lissafi."

Ya ajiye cokali ya ce, "Riba? Yaya, Innata ta rasu ina ɗakin jarrabawa, sai bayan kwana tara wasiƙa ta same ni. Kai ka shiga kabarinta ka karɓe ta. Yarinyar da na ce ta jira ni, na dawo na tarar da ita da goyo. Kai kana da Laure, kana da 'ya'ya uku, kana buɗe ido ka ga Iya. Ni in na tashi aiki, bangon nan nake kallo. Wallahi akwai ranakun da ko sunanka ba na so a ambata a gabana."

Wato shi ma. Duk hanya ina tuƙa keke ina juya maganar, kuma abin kunya, ta yi mini daɗi.

Lahadi, 23. Da hantsi.

Na sake ɗauko takardar. Duk abin da za a biya na jera a ciki, har kuɗin sabulu. Abin da za a koyo ne ban ba shi layi ba. Na mayar da ita akwati.

Alhamis, 27. Bayan la'asar.

Ba canji. Sajo ya shafa gashin kazar, ba ta ji ba. Yanzu a aljihun farar rigar yake ajiye shi, kusa da biro.

Alhamis, 3 ga Nuwamba. Bayan la'asar.

Ba canji. Sawun dai ya yi laushi, yana kaiwa inda na dama ke kaiwa. Ya ce wannan ma nasara ce. Laure ta rame.

Na yi allura uku a satin nan, ban kasa ko ɗaya ba. Sai da na raba mazaunin kashi huɗu da ido kamar yadda ya nuna mini, na soka a na sama ta waje. An taɓa faɗa mana haka a da. Ba a dai nuna mana dalili ba.

Alhamis, 10. Bayan azahar, Gumel.

Sajo yana tsakiyar motsa mata sawun aka zo kiransa, an kawo wani da ya faɗo daga mota. Ya miƙe ya ce, "Yaya, karɓa. Tafin hannunka a tafin ƙafarta, ka tura sama a hankali, sau ashirin." Ya fita. Laure ta tafi ɗebo ruwa, daga ni sai ita.

Na wanke hannu na matso. Ta janye ƙafar ta ƙanƙame ta, tana leƙen bayana.

Ta ce, "Baba, ba allura?"

Na buɗe mata hannuwana duka biyu ta gani. Na ce, "Ba allura, Rahmatu."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo. Na riƙe ina turawa ina ƙirgawa, idona ya cika har ba na ganin yatsun sosai. Na kai sha ɗaya sai ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Baba, hannunka da sanyi."

Na ce me ta ce? Ta ce da sanyi, in cire. Na sa ta rufe ido, na ɗauke hannun na ce yanzu fa? Ta ce babu. Na mayar, ta ce ga shi nan. Sau huɗu muka yi, ba ta kuskure ko ɗaya ba.

Na fita baranda a guje ba ko takalmi, ina ƙwala masa kira, ma'aikata suna kallona. Sai da Laure ta faɗa mini daga baya na san abin da nake cewa. Wai Likita nake ta kira, ba Sajo ba.

Aikinsa ne, na sani. Shekara ukunsa ce, da littattafansa, da uwarsa da bai binne ba. Zan faɗa a masallaci gobe da bakina. Amma a hannuna ta fara ji, kuma wannan ba zan bar masa ba.